Sandar da Ta Gaza da Yatsa Uku

Ranar Laraba, sha tara ga watan Maris, da misalin ƙarfe tara na safe, bonet ɗin motata ya rufto mini a ƙeya. Ni na ja wa kaina. Ƙarfen da ke tokare shi ya karye tun shekara biyu da suka wuce, na maye gurbinsa da guntun katako, kullum ina cewa gobe zan kai a yi masa walda. Ina sunkuye ina duba baƙin mai sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na kai hannu da gaggawa kamar wanda ake kira rabon gado, gwiwar hannuna ta doki katakon. A haka na amsa wayar, rabin jikina a cikin inji, ƙafafuna suna lilo a waje. Wani abokin aikina ne, direba. Bai ja gaisuwa ba, ya ce, "Rediyo, ka ji? Ƙishirwa ya rasu da asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a wurin ban ɗaga bonet ɗin ba, domin sunan da na ji ya fi ƙarfen nauyi. Mutum ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran manyan motoci, ya koma ga Mahaliccinsa, sai ga shi ana sanar da rasuwarsa da sunan da ni na laƙaba masa don in ba mutane dariya.

Mai Kunne, da wannan sunan zan kira ka a nan, domin shi ne naka na gaskiya, wanda aikinka ya ba ka kafin bakina ya ƙwace shi. Waɗanda suka san ka tun farko sun san dalili. Kakan ɗauki doguwar sukundireba ka ɗora bakinta a jikin inji, ka kanga mariƙin a kunnenka, ka rufe ido. Gareji ya yi tsit. Bayan ɗan lokaci sai ka ce, "Na huɗu ne ke kuka." A buɗe inji, a tarar fistan na huɗun ne.

Ni kuwa, ga wanda bai san ni ba, direban babbar mota ne, uban 'ya'ya biyar. Karatuna ya tsaya a aji biyar na firamare, ba don na gama da shi ba, sai don shi ya gama da ni. Ana ce mini Rediyo, saboda wai an ƙera ni ba a sa mini makashi ba. Motata tsohuwa ce mai shan gas, ta girmi babbar 'yata da shekara takwas, muna kiranta Gwaggo. Ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, kuma ba ta mantuwa idan an yi mata laifi. Shekara ashirin da biyu kai ne likitanta.

Duk abin da na sani game da inji daga bakinka na tsinta, ko da yake a gida nakan nuna kamar da shi aka haife ni. Kai ka koya mini karanta hayaƙi. Ka ce baƙin hayaƙi gas ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari ruwa ne ya shiga inda ba a gayyace shi ba, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Ka ce mota ba ta ƙarya, amma ba ta magana da mai gaggawa. Kowane ƙarfe ka cire daga motar mutum sai ka sa a buhu ka miƙa masa, ka nuna masa inda ya cinye, ko da bai tambaya ba. Na taɓa ce maka me zan yi da mataccen ƙarfe, ka ce in kai gida in nuna wa uwargida, ta san ba wani wuri na kai kuɗin cefane ba.

Na tuna shekarar da na kwanta ciwon baya wata biyu. Duk ranar Asabar kakan rufe gareji da wuri, ka zo inda Gwaggo ke ajiye a ƙofar gidana, ka tayar da ita ta yi minti ashirin don kada batir ya mutu, ka leƙo ka gaishe ni ta taga, ka tafi. Ruwa kawai kake sha. Na tuna kuma tsohuwar nan mai injin niƙa a bayan garejinku, wadda injinta ke tsayawa duk sati. Ba aikinka ba ne, amma kai kake zuwa, kuma kakan ce mata wai kana son jin muryar ƙananan injuna ne don kunnenka ya huta.

Irin wannan mutumin na yi wa abin da zan faɗa yanzu. Shekara tara ina ɗauke da shi.

Gwaggo ta fara tari da rashin ƙarfi a hawa, ka duba ka ce lokacin babban aiki ya yi. Ka sauke inji, ka canza ring, wato zobban fistan, ka gyara abin da ke son gyara, ka mayar. Ta tashi tana gurnani kamar budurwa. Ka ce in bi ta a hankali sati biyu, in riƙa duba baƙin mai kowace safiya. Na ce an gama.

Kwana shida da wannan aiki, a wani wurin sauke kaya mai nisa, na rufe ƙofar mota da makulli a ciki. Gilashin taga yana da 'yar ƙofa a sama wadda yatsa ba ya shiga. Na duba hagu da dama ban ga waya ba, sai basirata ta aji biyar ta ce mini ai ga sandar geji, wato doguwar sandar nan siririya da ake zarowa daga inji a ga inda mai ya tsaya. Na zaro ta, na lanƙwasa bakinta, na zura ta taga ina farautar makulli. Makullin ya fito. Sandar kuma ta karye biyu.

Ka sha gaya mini kada in sa kayan inji aikin da ba nasa ba. Kunyar in zo maka da guntaye biyu a hannu ta sa na wuce wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, na tona tarin ƙarafa, na sami wata sandar mai irin mariƙin tawa, zobe ruwan ɗorawa, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Na zura ta, ta zauna daram. Na yaba wa kaina. Ban auna ta da karyayyar ba, domin na riga na jefar da guntayen a kwata don kada su ba da shaida.

Washegari da safe na zaro sanda, na ga mai yana can ƙasa da layin da ke nuna ya cika. Na ƙara har ya kai layi. Na yi tafiyar yini, hayaƙi shuɗi yana bin bayana kamar na ɗauko masu turare. Da safe na sake dubawa, mai ya sake sauka. Na sake ƙarawa. Haka muka yi ta yi, ni ina zubawa, ita tana shanyewa, har na fara tafiya da galan biyu a bayan kujera.

A bakin sito inda muke jiran lodi akwai dogon benci, nan direbobi ke zama. A nan nake sarauta. Ranar da aka tambaye ni yaya aikin Mai Kunne, da na ce a bari in koma masa tukuna, da yau ba na wannan rubutu. Amma mutum goma sha suna kallona, bakina kuma ba ya ganin taro ya yi azumi. Na ce na kai masa Gwaggo tana tari, ya dawo mini da ita mashayiya. Aka fashe da dariya. Na ɗauki cokali na kanga a kunne, na rufe ido, na kwaikwayi muryarka, na ce, "Na huɗu ne ke jin ƙishirwa." Wani har ya faɗo daga benci. Na ce daga yau garejin can sunansa Garejin Ƙishirwa, duk motar da ta shiga da ƙoshi za ta fito tana neman abin sha. Kafin la'asar sunan ya riga ni isa unguwarku. Magana zarar bunu ce, ni kuwa ranar dami guda na zara.

Da na kawo maka motar ka riga ka ji. Ka tambaye ni lita nawa take sha, a tafiyar da ta kai yaya, da kaya ko babu kaya. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe kwalin ya tashi a bushe, babu ɗigo ko ɗaya, wato ba yoyo take yi ba. Ka buɗe murfin lagireto ka leƙa ko mai ya gauraya da ruwa, ruwan yana nan garau. Ka sa na tayar da ita da sanyin safiya kana tsaye a bayanta kana kallon salansa, domin ka ce idan shuɗin hayaƙi ya fito da tashin farko ya ɗauke, to robobin bawul ne suka gaji, mai yana zurara ta nan idan ta kwana. Hayaƙin bai bi wannan ƙa'ida ba. Ka cire bututun tabo, na'urar nan da ke tura wa inji iska, ka sa yatsa, ka ji danshin mai, ka girgiza sandar tabon ko tana rawa, ba ta rawa. Ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi sakwa-sakwa a bakinsa inji yana aiki, ka ce idan ring ba su riƙe ba iska za ta riƙa tsallen da shi. Murfin ya ɗan yi motsi, bai yi tsalle ba. Ka gwada ƙarfin kowane fistan da agogo, duk shida suka ba da amsa ɗaya.

A ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Ka ɗora sukundireba a jikin inji, ka rufe ido, ka daɗe, ka buɗe ido ba ka ce komai ba. Injin yana gaya maka lafiyarsa lau, ni kuma ina tsaye a kanka ina cewa jiya ma lita huɗu na zuba. Tsakanin ƙarfe da mutum, sai ka gaskata mutum. Ka ce, "Wataƙila hannuna ne ya kuskure. Zan sake buɗewa."

Kwana uku ka yi kana kwance aikin da ka yi da hannunka. Ka ajiye motocin mutane biyu suna jira. Ka zaro fistan ɗaya bayan ɗaya, ka duba ko ka juya wani ring sama a ƙasa, ko ka bar bakunansu a layi ɗaya, ko bangon silinda ya yi santsi. Ni kuma ina zaune a kan tsohuwar taya a inuwa, direbobi uku sun biyo ni kallo, ina ba su labari. Ban manta ba, har cewa na yi a kawo wa inji kofi, kada a bar baƙo da ƙishi. Kana ji. Hannunka bai tsaya ba.

Ba ka sami komai ba. Ka mayar da inji yadda yake. Ka ɗauko mai sabo, ka auna da gwangwaninka na awo, lita ashirin cif, abin da cikin Gwaggo ke ɗauka tun ranar da aka ƙera ta. Ka jira ya sauka. Ka zaro sandar geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Mai ya ɗan taɓa bakinta kawai, layin yana can sama a bushe. Ka tsaya kana kallon sandar. Ka juya ta. Ka shafa mariƙin da babban yatsa. Sannan ka dube ni, ka ce, "Direba, zo ka taya ni ɗauko wani abu a ciki."

Ɗakin da ke bayan garejinka ƙarami ne, inda kake ajiye sifanoni da darduma da butar alwala. Ka turo ƙofa. A jikin bango akwai tsohon inji irin na Gwaggo da kake cirar kaya a jikinsa. Ka zaro sandarsa, ka haɗa da tawa, mariƙi da mariƙi. Tawa ta gaza da yatsa uku.

Ka ce, "Wannan ba 'yar gidan nan ba ce. Ina tata?"

Na buɗe baki, karo na farko a rayuwata Rediyo ya rasa tasha.

Ka yi mini bayani a hankali, kamar yadda kake yi wa kowa. Gajeriyar sanda ba ta kai wa ga mai, sai ta ce babu alhali akwai. Ni kuma in ƙara har ya wuce ƙa'ida da lita biyar ko shida. Ƙarfen da ke juyawa a cikin inji ya riƙa dukan man yana kumfa, inji ya rasa inda zai kai shi, ya turo shi ta bututun numfashi ya koma ya ƙone, ya fito shuɗi. Kafin yamma ya zubar da abin da ya yi masa yawa ya dawo daidai. Da safe in zo in sake ɗura masa. Ka ce, "Motarka ba ƙishirwa take ji ba. Amai take yi, kai kana ƙara mata."

Sannan ka ce naka laifin shi ne ka duba komai ban da abin da ake dubawa da shi. Ka ce shekara talatin ba ka taɓa tuhumar sanda ba, yau ka ƙaru. Ni da na zo da laifi, sai ga ka kana neman naka kason.

Na ce, "Yanzu za ka gaya musu?" Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan. Ba haƙuri na fara ba ka ba. Wanzami ba ya son jarfa, kuma na san mutanen bencin nan. Da sun ji cewa Rediyo ya yi wata guda yana ɗura wa mota mai da sandar aro, da har jikokina sai an kira su da ita.

Ka dube ni ka ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ranar da ka shirya ka faɗa da bakinka." Ka sa doguwar sandar a motata, ka rataye gajeriyar a ƙusa a bayan ƙofa. Muka fito. Direbobin suka tambaya me aka gano. Ka ce, "Wani ɗan abu ne ya shige mini, an gyara." Ba ka yi ƙarya ba, amma kowa ya fahimce ta yadda ta fi mini daɗi. Ni kuma na yi murmushi irin na mai haƙuri da aka ɓata wa lokaci.

Gwaggo ba ta sake shan mai ba har yau. Sunan kuwa ya zauna. Wani mai motoci shida da ke kawo maka aiki ya kwashe su ya kai wani wuri, aka ce ya ji labarin wata mota da ka buɗe sau biyu. Sababbin direbobi da ba su taɓa ganin ka da sukundireba a kunne ba suka taso suna cewa Ƙishirwa, sun ɗauka sunan yanka ne. Filin garejinka da ke cika har titi ya koma mota biyu, wani lokaci ɗaya. Nakan gaya wa kaina ai zamani ne, motocin yanzu na kwamfuta ne, tsofaffin makanikai duk haka suke fama. Wataƙila akwai gaskiya a ciki. Amma na san wanda ya fara tura motar a gangara.

Ka ci gaba da duba Gwaggo kamar babu abin da ya faru. Idan aka kira ka da sunan, sai ka ce na'am. Wata rana ka zo wucewa ta ƙofar gidana, autata, lokacin tana 'yar shekara shida, ta durƙusa da ladabi ta ce, "Ina kwana, Baba Ƙishirwa." A bakina ta ji, domin labarin cokali a kunne har a tsakar gidana na sha ba da shi, yara suna birgima don dariya. Ka amsa mata da fara'a, ka tambaye ta makaranta, ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, ka wuce. Da ka mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ba wai ban yi niyya ba. Na sha yin ta. Akwai ranar da na tashi tsaye a gaban benci na yi gyaran murya, na ce jama'a ina da magana game da Mai Kunne. Wani ya ce, "Yauwa, a yi mana ta cokali." Aka miƙo mini cokali. Na karɓa. Allah Ya sani na karɓa, na kuma yi, aka yi dariya, na koma gida na kasa cin abinci, uwargida ta ɗauka zazzaɓi ne. Bayan nan sai na riƙa cewa abin ya tsufa, tono shi zai ƙara tuna wa mutane ne. Duk lokacin da na shiga ɗakin bayan garejinka in yi salla, sandar tana nan a ƙusa. Ba ka taɓa nuna mini ita ba, ba ka kuma taɓa sauke ta ba.

Sati uku kafin rasuwarka na je duba ka a asibiti. Ka rame, hannuwan nan da baƙin mai ya zauna a layukansu sun yi fari fat, har na kasa gane su. Na zauna a bakin gado, na shirya maganata tun daga gida, amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa ledar ruwan da aka rataya maka ta kusa ƙarewa, ko in ƙara maka lita biyu. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce, "Da wace sandar ka auna?"

A nan na fashe. Na riƙe hannunka na ce ka yafe mini. Ka ce, "Ni na yafe tun a ɗakin nan. Amma ba ni kaɗai nake amsa sunan ba yanzu." Na ce na gane, na ce Litinin mai zuwa zan faɗa. Litinin uku suka wuce.

Ban gane maganarka sosai ba sai a wurin zaman makoki. Babban ɗanka, wanda ya koyi aiki a hannunka, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ke riƙe da garejin yanzu. Yana zaune yana karɓar gaisuwa, wani dattijo ya zo da kyakkyawar niyya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri, ɗan Ƙishirwa, Allah Ya sa ka gaje shi." Ɗan naka ya ce amin. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ashe abin da na ƙera ya shiga cikin gado.

Da na tashi tafiya sai ya biyo ni waje, ya ce, "Baba Rediyo, akwai ajiyarka." Ya miƙo mini wani dogon abu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ya ce ka ce masa idan ta Allah ta kasance a ba direban Gwaggo, shi ya san amfaninta. Ya ce ya tambaye ka ta mece ce, ka ce ba kai ke da labarin ba. Ko ɗanka na cikinka ba ka gaya wa ba. Shekara tara kana kallon aiki yana raguwa, hujjarka tana rataye a bayan ƙofa, taku biyar daga inda kake tsaye, ba ka ɗauko ta ba don ka riga ka ce ni zan faɗa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, Ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka sa haƙurin da ya yi da bakina ya zama nauyi a mizaninsa, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishirwa bayansa har abada. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta sha ba ni ruwa a gidanta ba ta san abin da na yi wa mijinta ba, da 'ya'yansa maza da mata, da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da duk direban da ya taɓa tsayawa a hanya ya kira shi ya zo. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Ga 'ya'yana kuma, musamman ke babbar, da za ki bi rubutun nan ki gyara mini inda na sa ƙa a wurin ka: yanzu kin sani. Labarin cokalin da kuka taso kuna dariya da shi, ubanku ne abin dariyar a ciki. Ki gyara haruffan, kada ki gyara maganar.

Na san wannan takarda ba ta biya ba. Mutanen bencin nan ba masu karatu ba ne, kuma ba da alƙalami na yi ɓarnar ba, da baki na yi ta, a tsaye, a gaban mutane. A can zan biya. Sandar tana kan kujerar Gwaggo, har yanzu a cikin jaridarta. Ranar Litinin da hantsi, lokacin da benci ya fi cika, zan roƙi ɗanka ya zo ya tsaya kusa da ni. Zan zaro doguwar daga inji, in haɗa su mariƙi da mariƙi yadda ka yi mini, in ɗaga sama kowa ya ga yatsa ukun. Za su yi dariya, na san su, kuma za su ba ni suna, mai yiwuwa ya bi ni har ranar da wani zai ɗaga waya ya ce wane ya rasu. Ko me suka kira ni, Mai Kunne, zan ce na'am.